Jegon Ɓerayen Dakta Kulu

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe mini sauran tunani, da ranar da na tsaya gaban wani Farfesa da farar riga a jikina, gumi na bin bayana, ina rantsuwa da Allah cewa ɓeraye ba su sha kunun kanwa ba. Na san zancen ya yi kama da na wadda zazzaɓi ya taɓa wa kai. Ku dai bari in fara daga farko.

Lokacin ba a daɗe da buɗe sabuwar jami'a a Aliero ba. Gine-ginen na warin fenti, gonakin albasa kuma har gindin katanga. Ni 'yar Kashin Zama ce, a aji huɗu na firamare karatun bokona ya tsaya, sai ɗan na allo. Maigidana yana bin motocin albasa zuwa Kudu, in ya tafi sai ya yi sati uku ba mu ga ƙeyarsa ba. Ina goyon ɗana na fari, watansa huɗu (kada ku jira in faɗi sunansa, ɗan fari ne, bakina ba zai iya ba). Uwar mijina, Inna, ta taso daga Jega Magaji ta zo ta zauna da ni, wai don ta taimaka.

Taimakon Inna kuwa shi ne, kullum da safe ta ɗora yaron a tafukan hannunta, ta ɗaga, ta sauke, kamar mai tayin kabewa a kasuwa, sannan ta taɓe baki.

"Yaron ga bai da nauyi," in ji ta. "Ke ɗiyag ga, anya nonon nan naki ba ruwa ba ne?"

Wannan magana ta shiga kaina ta yi gida. Ina daka ina tunaninta, ina salla ina tunaninta. In yaron ya yi kuka, in ce yunwa ce. In ya yi shiru, in ce yunwa ce ta hana shi kuka. Nakan matsa cinyarsa sau goma a yini in ji ko ta ƙara tauri. Ma'aikaciyar asibiti ta auna shi ta ce lafiyarsa lau, amma ina fita ƙofa na ce a raina ai sikelinsu tsoho ne.

A cikin wannan hali na samu aiki wajen Dakta Kulu. Ita 'yar Karaye ce ta wajen Maiyama, gwaggonta ƙawar mahaifiyata ce. Ta yi karatu a ƙasar waje, ta dawo da digiri da kuma ɓeraye. Da gaske nake, ɓeraye, a akwati, da takardu sun fi na mai tafiya Makka yawa. Baƙaƙe ne wuluk masu sheƙi, ba irin kusun rumbu da muke bi da muciya ba. Suna da ɗakinsu mai na'urar sanyi da janareta nasu na kansu (ni da nake mutum, mafici nake kwana da shi). Aikina in canza musu garin katakon da suke kwanciya a kai, in wanke kwalaben ruwa, in zuba abinci, in share ɗaki. Dokoki huɗu ta kafa mini: in wanke hannu in sa farar riga, kada in shigo da abincin waje, kada in shigo da yaro, kada in taɓa jariran ɓera sai ta ce. Da azahar nakan fita gindin bishiyar dogon yaro da ke bakin ginin, Inna ta kawo mini yaron in shayar da shi.

Na so aikin nan. Shi ne abu na farko a rayuwata da aka ce nawa ne, ba na gidan ubana ba, ba na gidan mijina ba. Kuma sa'o'in da nake ciki babu mai auna mini ɗa a tafin hannu.

Kejin ɓerayen iri biyu ne, masu koren kati da masu jan kati. Tunda ba na karanta Turanci, da kala nake aiki. Wata rana na yi ƙarfin hali na tambaye ta bambancinsu, don ni dai duk ɓera nake gani.

Ta ajiye alƙalami ta ce, "Mai jego," (haka take kirana) "kin taɓa tsayawa inda ake lodin albasa?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, ai can aka haife ni."

"To ɗan dako in an ce masa ɗauki buhun can, ya ji umarni, ya duƙa, ya kama buhu. Zai iya kai shi kansa shi kaɗai?"

"Sai an aza mishi."

"Madalla. Haka jikinmu yake. Akwai saƙo da jini ke ɗaukowa, ya shiga can cikin tsakiyar ƙwayar halitta. A can akwai mai karɓar saƙon, shi ne ɗan dakon. Ya karɓa, ya shirya, amma aiki ba ya tashi sai wani ya zo ya manne masa ya aza masa. Su biyun duk wani irin sinadari ne na jiki, ido ba ya ganinsu. Ni abin da nake bincike shi ne yadda suke kama juna. Masu koren kati suna da ɗan dako, suna da mai azawa. Masu jan kati an haife su babu wani mai azawa guda ɗaya. Ina so in ga wane aiki ne zai kasa tashi."

Na ce, "To wane aiki kike zato?"

Ta ce, "Nono."

Wallahi da ta san wadda take gaya wa wannan kalma, da ta haɗiye ta.

Bayan 'yan makonni uwaye shida suka haihu kusan rana ɗaya, uku kore, uku ja. Dakta ta daidaita wa kowace uwa 'ya'ya shida shida. Kullum da safe takan ɗauke na kowane keji ta ɗora a ɗan sikeli, ta rubuta, ta mayar, ta tafi aji. Abin da take so ta gani shi ne ko 'ya'yan jan kati za su yi ƙasa da na kore a nauyi, wato ko nonon uwayensu bai isa ba.

Jaririn ɓera, in ba ku taɓa gani ba, kamar ɗanyar gyaɗa yake, ja, babu gashi, babu ido. Fatarsa sirit, har in ya sha nono kana hango farin a cikinsa kamar ƙwayar shinkafa. Ni na fara lura da wannan tun kafin Dakta ta nuna mini. A kejin kore, ƙwayar shinkafar cike take. A kejin ja, ɗan ɗigo ne. Uwayen ja ba su da laifi, suna kwanciya a kansu, suna lashe su, suna juyawa su ba su wancan gefen. 'Ya'yan su yi ta tsotso, su saki, su yi wani siririn kuka kamar ana murza sabon takalmin roba. Akwai wata uwa a kejin ja na tsakiya da nake ce wa Amarya, saboda ƙarama ce kuma haihuwarta ta fari ke nan. In na leƙa sai ta ɗago ta dube ni. Ni kuma in ga kamar tana tambayata, ke ma haka suke ce miki?

Na faɗa wa Dakta. Na ce, "Ranki ya daɗe, na jan katin nan yunwa suke ji."

Ba ta ko ɗago daga littafinta ba ta ce, "Na gani. Abin da muke aunawa ke nan. In ya yi tsanani na san abin yi."

Ta san abin yi. Ni dai abin da kunnena ya ji shi ne, a bar su da yunwa ana rubutawa.

Ran nan na koma gida na kasa cin tuwo. Inna ta tsare ni da tambaya har na faɗa mata. Na zaci dariya za ta yi, ko ta ce Allah ya ƙara tunda na zaɓi bautar kusu. Sai na ga ta gyara zama.

"An ba su kunun kanwa?"

Na ce, "Inna, ɓeraye ne."

"Ai jego jego na. Wa ya taɓa ganin mai jego ba kunu? Wagga Dakta taku karatu ya yi mata yawa."

Tunda aka kawo ni gidan ɗanta, ranar ce ta farko da ni da Inna muka tsaya gefe ɗaya a kan wata magana. Ina jin daɗin wannan ne ya ƙarasa kashe mini hankali. Washegari ta dama kunu da kanwar da ta zo da ita daga kasuwar Jega, wadda ba ta yarda kowa ya taɓa, ta zuba mini a ƙaramar kwalbar magani. Na soke ta a zani, na rufe da farar riga. Da Dakta ta tafi aji na zuba a murfin kwalba na saka wa uwayen ja.

Amarya ta zo ta shinshina, ta ja da baya, ta juya ta fara turo garin katako da ƙafa har ta binne murfin ɗungurungum. Sauran biyun ma haka. Kwana uku ina kawowa, kwana uku suna yi masa jana'iza. Da na koma gida Inna ta ce, "Sun sha?" sai in ce, "Sun lashe tas." (Ku gaya mini, wace suruka ce za ta ce wa uwar miji ɓera ya raina kununta?)

A nan ya kamata in tsaya. Mai hankali da a nan ta tsaya. Amma sai na tuna Babanmu a Kashin Zama, shekarar da akuyarmu ta mutu ta bar ɗa. Ya ɗauki ɗan ya goga masa jikin wata akuya mai shayarwa da shimfiɗarta har warinsu ya zama ɗaya, ta karɓe shi. Na dubi kejin kore, 'ya'ya sun yi ɓul-ɓul har suna barci da nono a baki. Na dubi kejin ja. Na ce to mene ne a ciki? Ko a cikin mutane in uwa ba ta da nono ai 'yar'uwarta ke shayar mata.

Ga inda wayona ya kai, kuma har yau in na tuna sai in rufe fuska. Na san Dakta tana ƙirga shida shida. Saboda haka ban ƙara wa kowa ba, ban rage wa kowa ba. Musanya na yi. In ɗauki ramammu uku daga ja, in mulmula su cikin garin katakon kejin kore, in tura su ƙarƙashin uwar. In ɗauki ƙosassu uku daga kore in kai wa ja, tunda su suna da ajiya a jiki, kwana biyu ba za ta kashe su ba. Bayan kwana biyu in sake juyawa, waɗanda suka ƙoshi su ba wasu wuri. Na zama mai rabon kwana. Har wani daɗi nake ji, ina share ɗaki ina ce wa kaina, yau dai kowa ya ci.

Kwana shida da fara wannan, Dakta ta ɗora na ja a sikeli, ta ɗora na kore, ta tsaya. Ta sake ɗorawa. Ta ɗaga sikelin ta leƙa ƙarƙashinsa, ta aika aka aro wani. Duk ɗaya. Na ja sun kamo na kore.

"Mai jego, kin canza musu abinci?"

"A'a, ranki ya daɗe." (Wannan gaskiya ce, abincinsu na nan yadda yake. Da irin wannan gaskiyar ake shiga wuta.)

Kwana biyu tana zirga-zirga fuska a murtuke. Rana ta uku ta shigo da fara'a kamar an yi mata albishir da kujerar Makka. Ta kama kafaɗata ta ce, "Kin san abin da nake zato? Masu azawar nan ba ɗaya ba ne, 'yan'uwa ne, su uku. Ina jin da jiki ya ga babu wannan, sai ɗan'uwansa ya taso ya aza. Da farko nono ya yi ƙasa, daga baya ya dawo. In haka ne, wannan babban abu ne. Na kira malamina daga Sakkwato, zai zo ranar Talata ya gani da idonsa kafin mu rubuta."

Na ce, "Allah ya sanya alheri."

Mai azawa ya taso, gaskiya ne. Ga shi nan tsaye da tsintsiya a hannu.

Daga ranar zuwa Talata ban san me na ci ba. Na sa gishiri a koko. Na goya yaro na yi ta neman sa a ɗaki. Sau uku ina zuwa ƙofar ofishinta don in faɗa. Na farko na tarar tana waya da Turanci tana dariya, na juyo. Na biyu na buɗe baki sai na ji kaina ina cewa sabulu ya kusa ƙarewa. Na uku ta riga ni magana, ta ce, "Ke kam Allah ya yi miki albarka, tunda kika zo ko ɗa ɗaya ban rasa ba." Na ce amin na fita. In na faɗa, aiki ya tafi, in koma tsakar gida ana auna mini yaro daga safe har yamma. In na yi shiru, matar da ta yarda da ni za ta ɗauki ƙarya ta kai gaban manya da sunanta a kai. Na daina musanyar, amma nauyin da suka yi ba ya zubewa a kwana biyu, kuma ko wane keji cakuɗe yake.

Talata Farfesa ya iso wajen sha ɗaya. Dattijo ne siriri mai furfura, da tabarau a kan hanci, yana magana a hankali kamar mai tsoron tada barci. Ya wanke hannu, ya sa farar riga a kan kaftani. Dakta ta ce in tsaya in riƙa sauko musu da keji. Suka duba littafi, suka duba 'ya'ya (lokacin sun yi gashi, idonsu na shirin buɗewa), suka koma littafi. Ya ɗaga Amarya ya duba cikinta, ya daɗe yana kallo.

"Kulu," in ji shi, "nonon uwar nan bai yi kama da wanda ya ƙosar da 'ya'yan nan ba."

Na sunkuya ina gyara kejin da ba abin da ya same shi.

Dakta ta fara bayani, shi yana gyaɗa kai, azahar ta yi, ta gota. Ni na manta da gindin dogon yaro sam. Sai da na jiyo kukan da na sani yana matsowa ta baranda, da takun silifas ɗin da na fi sani.

"Salamu alaikum masu gida. Ina mai jegon ga tash shiga? Yaro na ta tsala ihu."

Inna ce a bakin ƙofa, da jikanta a kafaɗa, da mayafinta na zuwa biki. Dakta ta yi sauri ta tare ta da ladabi, ta ce, "Inna, sannu da zuwa, nan ba a shigowa, ga ta nan fitowa." Inna ta tsaya a dokin ƙofa, amma bakinta ya riga ya shigo. Ta gaida Farfesa, ta tambaye shi hanya da mutanen Sakkwato, sannan ta miƙa wuya tana leƙen kejin.

"Dakta, ya masu jegon naku? An ce mini sun murmure."

Dakta ta yi murmushi ta ce, "Alhamdu lillahi, Inna."

"Awo. Ai ni nic ce a ba su kunu. Ɗiyag ga ba ta so, sai da nim matsa mata. Kanwa ta ce, ta Jega, mai kyau. Ku 'yan boko kun iya rubutu, amma jego sai mu."

Dakta ta juyo ta dube ni. Ban taɓa sanin ido na iya yin sanyi da zafi lokaci ɗaya ba.

"Kunu?"

Na ce, "Ranki ya daɗe..."

"Kunun kanwa kika ba ɓerayena?"

Farfesa ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Ya ce, "Tsaya, Kulu. An karya doka, wannan babu shakka, kuma sai an sake gwajin. Amma in har uwar da ba ta da mai azawa ta sha wani abu nononta ya dawo, ai wannan ma abin dubawa ne. Baiwar Allah, kwana nawa suka yi suna sha? Kamar cokali nawa?"

Ya zaro alƙalami. Inna ta gyara mayafi, ta ɗaga haɓa, ta fara lissafa masa yadda ake jiƙa kanwar.

Ga ƙofa Allah ya buɗe mini, ko in ce Shaiɗan. In na ce cokali ɗaya kullum, laifina ya tsaya a kunu, Inna ta zama gwana, ni kuma wataƙila a yi mini faɗa a bar ni. Amma na ga alƙalamin nan yana shirin sauka a takarda. Na hango dattijon nan da Dakta sun kwashe shekara suna dama wa ɓeraye kunu saboda ni. Ƙirjina ya cika, rigar ta jiƙe ta gaba don yaron na kuka, gumi na bin bayana.

Na ce, "Wallahi ba su sha ba."

Inna ta ce, "Mi?"

"Ko ɗigo ba su sha ba, Inna. Binne shi suke yi da garin katako. Na ji kunyar faɗa miki ne."

Ban san wanda ya fi shiga uku a fuska ba, Inna ko ni. Sai Dakta ta ce a hankali, "To me ya ƙosar da su?"

Na faɗa. Na faɗi akuyar Babanmu, na faɗi mulmulawa a garin katako, na faɗi uku uku da rabon kwana. Ina magana ina kallon yatsun ƙafata. Da na gama, Dakta ta jawo kujera ta zauna kamar an zare mata laka. Ta rufe littafin nan da ta yi sati biyu da ɗoriya tana cikawa, ta ɗora hannu a kai.

"Wata biyar," in ji ta. "Wata biyar ina haɗa aurensu kafin in samu haihuwa rana ɗaya. Yanzu ban ma san ɗan wace ce a wane keji ba."

Na ce, "Ni na sani."

Farfesa ne ya ce, "Talatin da shida ne fa, kuma duk baƙaƙe."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba kamarsu ɗaya ba."

Ya matsa gefe ya nuna mini tebur. Na sake wanke hannu, na fara. Wannan mai lanƙwasar wutsiya ɗan Amarya ne. Wannan mai farin ɗigo a ciki, da wannan mai farin yatsa, na kejin kore na bakin taga ne. Wannan mai cizon 'yan'uwansa na ja na ƙarshe ne, tun yana kwana uku halinsa ke nan. Ina ɗauka ina ajiyewa, kashi shida, yarona na kuka a ƙofa, Inna na jijjiga shi. Da na gama Farfesa ya sa aka yi wa kowanne alama, ya ce akwai gwajin da ake yi da ɗan guntun wutsiya wanda zai nuna ko ɗan ja ne ko ɗan kore.

Sai Inna ta yi gyaran murya. Na ce a raina yau kam sai Kashin Zama.

"Malam," ta ce da Farfesa, "ni dai tambaya gare ni. Tunda ɗiyan ga duk sun sha nono guda, ai sun zan 'yan'uwa. In sunka girma, kada ku zo ku haɗa su aure."

Dattijon nan ya yi ƙoƙari, na ga ya yi ƙoƙari. Ya toshe baki da hannu, kafaɗunsa suka fara rawa, ya juya ya fuskanci bango. Dakta ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Mai jego, cire rigar ki je ki shayar da ɗanki. Ki zauna gida sai na neme ki."

Kwana goma sha tara na yi a gida. Na ƙirga su. Ko babur ya tsaya a ƙofa sai in ruga in leƙa. Na wanke kayan da ba su yi datti ba, na share tsakar gida har ƙasa ta fara ramewa. Abin mamaki, Inna ba ta ƙara ɗora yaron a tafin hannu ba. Kwana biyu ba ta yi mini magana ba saboda zancen kunu. A na uku ina shayar da shi ta tsaya a kaina ta daɗe, sannan ta ce, "Yaron ga dai ya fi kusun Dakta ƙiba." Daga wajen Inna, wannan lambar yabo ce.

Rana ta ashirin Dakta ta zo da kanta. Ta gaida Inna, ta ƙi zama a tabarma, ta tsaya a zaure ta ce sakamakon wutsiya ya dawo. A cikin talatin da shida, biyu kawai na kuskure uwarsu, sauran duk daidai.

"Aikin wancan zagayen ya lalace, ba zan ɓoye miki ba," in ji ta. "Kuma da kin yi shiru ranar nan, da kin kashe ni a gaban mutanen da ba za su taɓa mantawa ba. Amma malamina ya lura da abu ɗaya. 'Ya'yan ja da suka sha nonon kore sun yi ƙiba. Ke nan matsalar ba a jikin 'ya'yan take ba, a nonon uwa take. Akwai gwaji na musamman da ake yi don a gane haka, a musanya 'ya'ya tsakanin uwaye. Sau biyu ina gwadawa a can inda na yi karatu, uwayen na ƙin karɓa. Za mu sake, a tsare, a rubuce. Ke za ki musanya, ni zan rubuta. Kuma in kika ƙara taɓa ko gashin ɓera ɗaya ban sani ba..."

Na ce, "Ko kallon tausayi ba zan ƙara yi musu ba sai da izininki."

"Ƙarya kike," in ji ta. "Gobe ƙarfe bakwai."

Shekara shida na yi a ɗakin nan. Sunana na gaskiya ya ɓace, daga masu gadi har malamai Ungozoma suke ce mini, wasu ma ba su san dalili ba. Yaron da aka ce ba shi da nauyi, yau shi ke aza wa 'yan dako buhu in ubansa na lodi.

Abin da na koya? Tausayi ma ɗan dako ne, in bai samu hankali ya aza masa ba, sai ya kayar da kayan mutane a tsakiyar kasuwa. In kin ga mai yunwa a keji mai jan kati, tambayi mai kejin tukuna. In kuma kin riga kin yi ɓarnar, to ko za ki gaya wa duk duniya, kada ki fara da uwar mijinki.

Inna kuwa har ta koma ga Allah ba ta janye fatawarta ba. Duk sanda na kai mata gaisuwa Jega Magaji, bayan ta tambayi yara sai ta sunkuyo ta rage murya ta ce, "Ɗiyag ga, faɗa mini gaskiya. Ɗiyan kusun nan da sunka sha nono guda, an dai raba auren?"